Yadda Ake Girbe Furen Lafinta da Busar da Shi Ba Tare da Ƙamshinsa Ya Gudu Ba

Wahalar shekara guda da mutum zai yi wa tsiron lafinta (lavender a Turance, tsiro mai fure shunayya mai ƙamshi) a kan 'yan kwanaki kaɗan take rataye. Ka shuka, ka kula da shi, ya yi fure gwanin ban sha'awa, amma ka yi jinkirin mako ɗaya wajen sa masa almakashi, to abin da za ka sauko da shi bayan ya bushe karare ne masu ruwan toka, furen duk ya kakkaɓe a ƙasa. In kuma ka yi azarɓaɓi ka yanke shi ɗanye shar, kan zai lanƙwashe, ƙamshin ma bai gama zama ba. Busarwar kanta ba wani abin wahala ba ce. Gane ranar yanka shi ne aikin, don haka a nan za mu fi daɗewa.

Me kake girba a zahiri?

Tsinko kara ɗaya ka kawo shi kusa da idonka. A samansa akwai zangarniya, an jera mata 'yan ƙananan kwanso zobe-zobe, hawa kan hawa, kowane kwanso bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Jikinsa da layi-layi da wani gashi mai laushi. Daga bakin wannan kwanson ne ɗan furen mai taushi yake leƙowa, ya buɗe, ya yi 'yan kwanaki, ya yi ja-ja ya faɗi. Kwanson kuwa yana nan daram.

Yawancin man da ke ba da ƙamshi a jikin kwanson yake, cikin wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi da ke tsakanin layukan nan. Murza ɗaya tsakanin yatsunka ka shinshina, za ka gane. Busasshen lafinta da ake cika 'yan jakunkuna da shi, kusan dukkansa kwanso ne. Launin da damin zai riƙe bayan ya bushe ma launin kwanson ne, shi ya sa irin da kwansonsa ya yi shunayya mai duhu, kamar wanda ake kira Hidcote, ya fi kyan gani a bushe. Idan ka riƙe wannan, sauran dokokin duk za su zo maka da sauƙi: so kake ka kama kwanson a lokacin da ya cika da mai, ya yi launi, kuma bai saki jikin kara ba tukuna.

Yaushe yake fure?

Amsar ta danganta da iri, da kuma wurin da aka shuka shi. Asalin tsiron na ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum ne, inda ake samun rana mai yawa, ƙasa mai tsakuwa da ba ta riƙe ruwa, da sanyin hunturu. Dangin na'a-na'a ne, kuma irinsa da yawa, amma huɗu aka fi shukawa.

Lavandula angustifolia shi ne lafinta na ainihi, mai ƙamshi mai laushi, wanda Hidcote da Munstead suke cikinsa. A arewacin duniya yana fure ne daga Yuni zuwa farkon Yuli. Sai lavandin, wanda aka samu daga barbara tsakanin angustifolia da wani ɗan'uwansa mai faɗin ganye, latifolia. Shi ya fi tsayin kara, ya fi girman zangarniya, ƙamshinsa ya fi ƙarfi da ɗan kaifin kafur, kuma idan aka shuka su wuri ɗaya yakan biyo bayan na ainihin da 'yan makonni, daga Yuli har cikin Agusta. Wanda ya fi shahara a cikinsa shi ne Grosso, mai ɗauke da sunan manomin Faransa Pierre Grosso. Waɗannan biyun su ne na busarwa.

Sauran biyun na ado ne. Stoechas, mai ƙaton kai da wasu 'yan kunnuwa a samansa, shi ke riga kowa, tun Afrilu ko Mayu. Dentata, mai ganye da haƙora-haƙora a gefe, yakan yi ta fure kusan duk shekara a inda babu tsananin sanyi, kuma ya fi na ainihin jure zafi. Za ka iya busar da su, babu mai hana ka, amma a ganina ɓata lokaci ne: launin ba ya zama, ƙamshin kuma ya fi karkata ga kafur.

Wuri kuwa yana iya juya wannan jerin gaba ɗaya. A yankin Provence na kudancin Faransa, gonakin Valensole da ke kan tudu mai tsayin kimanin mita 500 yawanci lavandin ne, amma daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Yuli suke cika da fure. Garin Sault da ya fi su bisa, sama da mita 700, ya yi suna da lafinta na ainihi, amma saboda sanyin tudu furensa yakan kai Agusta, har a ranar 15 ga watan ne suke bikin lafinta na shekara. Ka ga ke nan irin da ya kamata ya fara yin fure shi ne ya koma na baya. A Furano da ke tsibirin Hokkaido na Japan, Yuli ne lokacin. A kudancin duniya, kamar Tasmaniya ta Ostireliya, sai Disamba da Janairu. Ko a gona ɗaya, shekarar da zafi ya shigo da wuri fure kan riga na bara da mako ɗaya ko biyu. Kalanda dai ta nuna maka lokacin da za ka fara leƙa shukar kullum. Ranar yanka, zangarniyar ce za ta faɗa maka.

Wani abu kuma: lafinta na ainihi yana son ya sha sanyin hunturu kafin ya yi fure sosai. A inda babu sanyi kuma iska na da laima, yakan yi ganye ya ƙi fure, ko saiwarsa ta ruɓe. Taki mai yawa ma haka yake sa shi, ganye ya yi yabanya fure ya yi ƙaranci. Kada kuma ka sa rai da girbin kirki a shekarar farko. Masu noma da yawa ma tsinke furen farko suke yi don ƙarfin ya koma ga saiwa. Sai a shekara ta uku tsiron yake cika.

Matakin farko: zaɓi ranar gwargwadon abin da kake so

Furannin zangarniya ba sa buɗewa lokaci ɗaya. Nan ɗaya, can ɗaya suke farawa, galibi daga hawan ƙasa. Wannan ne ma'auninka.

Idan dami kake so na ado, wanda zai riƙe launi kuma ba zai yi ta zuba ba, yanka a lokacin da kwanson ya kumbura ya yi cikakken launi, 'yan furanni kaɗan suka fara buɗewa, kada su wuce kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin uku na zangarniyar. A nan ne mutane suka fi yin kuskure, don a wannan lokacin shukar ba ta kai ƙololuwar kyanta ba, zuciya sai ta ce a bari ta ƙara kwana biyu. Kwana biyun nan su ne asarar. Duk furen da ya buɗe zai bushe ya yi ruwan ƙasa, kwanson da ke riƙe da shi kuma ya yi sako-sako.

Idan ƙwayar kwanson kake so don jakunkunan ƙamshi, kana da ɗan sarari. Ko da rabi ya buɗe babu laifi, tunda dama sussuke shi za ka yi. Na shayi ko na girki gara a yanka da wuri, kamar na ado, don ya fita tas ba tare da matattun furanni ba.

Masu tatsar mai su ne ke jira. Sukan bari sai fiye da rabin furen ya buɗe, wasu ma sun fara yaushi, don a lokacin man ya fi yawa. Da tururi ake tatsarsa, kuma lavandin yana ba da ninkin abin da na ainihi ke bayarwa, shi ya sa ya mamaye gonakin Faransa, ko da yake a man lafinta na ainihi Bulgeriya ce ke gaba a 'yan shekarun nan. Wannan sana'a ce daban mai kayan aikinta, ba ita muke ciki ba.

Akwai alamar da za ta nuna maka ko ka yi gaggawar ɗibar kara: riƙe shi a tsaye. Idan wuyan da ke ƙarƙashin zangarniyar ya yi laushi har kan yana rinjaya, bai ƙosa ba. Wanda ya isa yanka wuyansa da tauri.

Mataki na biyu: yankan

Ka fita da hantsi, bayan raɓa ta bushe, kafin rana ta take. Raɓa ruwa ce, kuma duk ruwan da ka shigar cikin dami fumfuna ka gayyato. Zafin tsakar rana kuma yana kwashe man. Idan an yi ruwan sama, haƙura kwana ɗaya ko biyu. Kada ka yayyafa wa shukar ruwa ta sama ana jajibirin girbi.

Almakashi mai kaifi ya ishe ka idan shukar ba ta da yawa. In tana da yawa, ɗan ƙaramin lauje ya fi sauri. Goge bakin ƙarfen ya fita tsaf kafin ka fara, don kada ka kwaso cuta daga wata shukar. Tattaro karare cikin hannu ɗaya, gwargwadon abin da tafinka zai riƙe, ka zame hannun ƙasa har inda ganye ya fara, sannan ka yanka da ɗayan. Ka yanko karan da tsayinsa, don ragewa daga baya ba wuya.

Inda za ka sa ƙarfen yana da muhimmanci ga rayuwar tsiron. Idan ka duba gindinsa za ka ga tsohon itace mai ruwan ƙasa, babu ganye, sannan a samansa sabon reshe kore mai ganye. Yanka a cikin koren, ka bar aƙalla santimita biyar na kore a saman tsohon itacen. Lafinta ba kasafai yake sake toho daga tsohon itace ba. Wanda ya zurfafa yanka zai bar gurbin da ba zai cike ba, wani lokacin ma tsiron ya mutu ɗungurungum.

Za ka tarar da ƙudan zuma a kai, musamman in fure ya fara buɗewa. Harkar gabansu suke yi. Ka ɗan girgiza kararen kafin ka damƙa, kada ka matse ɗaya a tafinka. Mai rashin lafiyar harbin zuma ya sa safar hannu ko ya ba wani aikin. Ni dai ina ganin ya dace a bar musu wasu zangarniyoyin, ko da gindi ɗaya ne a gefe.

Abin da ka yanka kada ka tara shi tsibi a rana. Ɗanyen ganye idan aka jibge shi ɗumi yake yi daga ciki, launi ya fara lalacewa tun ba a je ko'ina ba. Jera shi a kwando, kawunan duk gefe ɗaya, ka kai inuwa da wuri.

Mataki na uku: ɗaurin dami

Kada ka wanke shi. Kakkaɓe ƙura da ƙwari kawai. Zage ganyen da ke ƙasan kara, don shi ne ke riƙe laima a daidai wurin ɗauri. Cire duk zangarniyar da ta yi baƙi ko ta karye.

Dami ɗaya ya kasance kara 50 zuwa 100. Ba sai ka ƙirga ba: idan babban yatsanka da manuni suka zagaye gindin damin suka haɗu ba tare da matsi ba, ya yi. A wurin da iska ke da laima, raba wannan biyu. Babban dami yana da kyan gani, amma tsakiyarsa ba ta samun iska, sai wajen ya bushe ƙayau alhali cikin ya yi fumfuna.

Daidaita kawunan su tsaya kusan layi ɗaya, sannan ka ɗaure gindin da roba irin ta ɗaure kuɗi, ka zagaya ta sau biyu ko uku. Dalilin roba shi ne kara yana motsewa idan yana bushewa. Igiya ko zare za su yi sako-sako, wata safiya ka tarar da rabin damin a ƙasa. Roba kuwa tana bin sa tana matsewa. In kana son igiya don ado, ɗaura ta bayan ya gama bushewa. Lanƙwasa 'yar guntuwar waya ta zama ƙugiya, ka soka a jikin robar, wurin ratayewa ya samu.

Mataki na huɗu: ratayewa

Kai ƙasa, gindi sama. Za ka ji ana cewa hakan na sa man ya gangaro cikin fure. Ban ba wannan magana wani nauyi ba, tunda man dama a kwanson yake. Amfanin da ido ke gani shi ne karan zai bushe a miƙe, kan ba zai rusuna ba.

Abu uku wurin yake bukata: duhu, bushewa, da iska mai wucewa. Hasken rana shi ne ke koɗar da shunayyar nan ta koma toka, cikin 'yan kwanaki kaɗan ma. Ɗakin ajiya mai taga a buɗe ta gefen da rana ba ta shigowa ya yi, haka ma rumfar da iska ke ratsawa. Kicin bai dace ba saboda tururi da maiƙo, banɗaki kuwa ba a ma maganarsa. Ka guji ƙarƙashin rufin da ke ɗaukar zafi sosai, don zafin da ya haura digiri 40 yana korar ƙamshi. Ja igiya ko waya, ka rataya damman da tazarar tafin hannu a tsakaninsu, kada su taɓa bango. Shimfiɗa tsohon zani mai tsabta a ƙasa ya tare abin da zai zubo, don shi ma ba abin zubarwa ba ne. Idan wurin da ƙura, zura kan damin cikin jakar takarda da aka huhhuda. Ban da leda.

A busasshen yanayi mako ɗaya zuwa biyu ya isa. A mai laima yakan kai mako huɗu, kuma a nan fanka tana taimakawa ƙwarai, a kunna ta a hankali, ba a saita ta kan furen kai tsaye ba. A kwana na uku ko na huɗu, buɗa tsakiyar dami ɗaya da yatsa ka sa hanci. Ƙamshin lafinta tsantsa kake nema. Idan ka ji wani bashi-bashi, ko ka ga fari-fari ko baƙi-baƙi a jikin kara, kwance damin nan take, ka zubar da wanda ya kamu, ka rarraba sauran ƙanana.

Wanda ba shi da wurin ratayewa zai iya baza kararen a kan raga ko wayar sauro da aka ɗaga daga ƙasa, shimfiɗa ɗaya ba tare da ɗora wani kan wani ba, yana juya su duk bayan kwana biyu. Injin busar da 'ya'yan itatuwa ma yana yi, in aka saita shi tsakanin digiri 35 da 40. Tanda kuwa ban ba da shawararta ba. Ko mafi ƙarancin zafinta ya yi wa lafinta yawa, gida zai cika da ƙamshi na awa guda, abin da ya rage a tire kuma ya zama ciyawa.

Yadda za ka san ya bushe

Kada ka gwada da saman, shi ke fara bushewa. Zaro kara ɗaya daga tsakiyar dami ka lanƙwasa shi a daidai inda robar ta kama. Idan ya karye ƙas, ya yi. Idan ya lanƙwashe kawai, mayar da shi ya ƙara kwanaki. Gwaji na biyu ga mai shirin ajiya a kwalba: zuba ɗan kaɗan ka rufe, ka bar shi ya kwana ya yini. In ka ga gumi a jikin gilashin, da saura.

Sussuka da ajiya

Damin ado ya gama, sai dai ka ajiye shi inda rana ba ta dukansa, ka kuma rage taɓa shi. Na ƙwaya kuwa sai an sussuke. Hanya mafi sauƙi ita ce ka zura kan damin cikin rigar matashin kai mai tsabta, ka riƙe bakin, ka yi ta murzawa tsakanin tafukanka. Kwanson zai zube ciki. In ɗan kaɗan ne, bi kowane kara da yatsu biyu a kan tire. Daga nan sai rariya mai manyan ido ta tare guntayen kara, mai ƙananan ido kuma ta fitar da ƙura da busassun furanni. Ɗan bakace a inda iska ke kaɗawa a hankali zai ƙarasa sauran. Ƙurar tana sa atishawa, ɗaure hanci da ƙyalle ba zai ɓaci ba.

Zuba a kwalbar gilashi mai murfi mai kamawa, ka rubuta iri da shekara a jiki, ka sa a kabad mai duhu da sanyi. Rubutun nan ba wasa ba ne, don bayan sun bushe da wuya ido ya bambanta lavandin da na ainihi, alhali amfaninsu ba ɗaya ba. Na shayi da girki shi ne na ainihi, wanda ba a fesa wa maganin ƙwari ba, kuma ɗan kaɗan ake sawa, in ya yi yawa sai abin ya koma kamar an sa sabulu. Lavandin da kafur ɗinsa ya fi dacewa da jakar da ake cusawa cikin tufafi. An daɗe ana amfani da shi don korar asu, amma kora ce kawai, ba ya kashe wanda ya riga ya yi ƙwai a cikin kaya. Ƙamshin yakan kai shekara da ƙarfinsa, daga nan ya fara ja da baya. In ƙamshin jakar ya yi sanyi, matsa ta da hannu, ƙwayoyin man da ba su fashe ba za su fashe. Kararen da suka rage ma suna da ɗan ƙamshi, a ɗaure su a ajiye don hura wuta.

Koma ga shukar

Girbi rabin aski ne, sai ka ƙarasa. Bayan ka kwashe fure, bi tsiron da almakashi ka rage kimanin kashi ɗaya cikin uku na korensa, ka daidaita shi ya yi zagaye kamar tulluwa, har yanzu ba tare da ka taɓa tsohon itace ba. Wanda ba a yi wa wannan askin duk shekara ba yakan yi dogayen rassa, tsakiyarsa ta buɗe, ya tsufa da wuri. Wanda ake kula da shi kuwa yana iya kai shekara goma ko fiye yana bayarwa.

Wasu irin na ainihi, idan aka yanke su da wuri, sukan sake fure karo na biyu wajen ƙarshen Agusta ko Satumba a arewacin duniya. Bai kai na farko yawa ba, kararen ma sun fi gajarta, amma ya isa jakunkuna. A inda ƙanƙara ke sauka, dakatar da duk wani yanka kamar mako shida kafin lokacinta, don sabon tohon da aski ke jawowa ya samu ya yi ƙwari kafin sanyi ya kama shi.